Kwana Ashirin da Ɗaya na Ɗura

"Ba zan faɗa ba, Yaya."

Babban ɗan maƙwabcinmu ya tare ƙofar garken da faɗin ƙirjinsa. "Kalma ɗaya ce fa. Ki ce wa Baba tumakin sun warke, ya yarda mu kai shi asibiti."

"Ba su warke ba."

"To, sannu Likita. Boko ya yi rana."

Shekara uku na yi ina karatun lafiyar dabbobi, ban koyi ƙarya a ciki ba. Tumakin Baba, maƙwabcin namu, sun sha gishirin lasa na shanu wata da watanni, jan ƙarfen da ke cikinsa ya taru musu a hanta. Idanunsu suka yi rawaya, fitsari ya koma kamar tsatsa. Shida sun riga sun mutu. Sauran sha huɗu sai an yi musu ɗura kullum, kwana ashirin da ɗaya, da maganin da ke kama ƙarfen ya fitar da shi daga jiki.

Baba kuwa ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sai da dabara. Amma ya rantse ba inda za shi. "Da hannuna na ba su gishirin nan," in ji shi. "Da idona zan ga ƙarshensa."

Ranar ya tambaye ni daga kan kujerarsa, a gaban ɗansa. "'Yar boko, saura kwana nawa?"

Yaya ya zuba mini ido.

"Sha ɗaya, Baba."

"Ka ji," ya ce wa ɗan. "Mai da motarka."

Kullum da safe sai in matse tunkiya tsakanin gwiwoyina, in zura mata sirinji ta gefen baki. Baba yana kiran su ɗaya-ɗaya, don muryarsa kaɗai suke bi. Yana ta yi mini tsiya. "A hankali! Wannan ta girme ki a haihuwa." Daga baya muryar ta dushe, sai ya koma buga sanda a jikin bokiti.

A kwana na sha tara na gama da ta ƙarshe, na ce, "Baba, dubi idonta, ya fara fari." Sandar tana kan cinyarsa. Bai duba ba.

Ban yi kuka ba. Na wanke sirinji, na rufe kwalba, sannan na shiga na faɗa wa mutanen gidan Baba ya rasu.

Washegari na dawo, gida cike da masu gaisuwa. Na bi ta baya na yi ɗurata. Haka ma kashegari. Sai da na bi tumakin da gudu cikin garken, ba wadda ta zo da kanta.

Duka sha huɗun sun rayu. Yaya ya ce da an kai Baba da wuri, da yana nan. Wataƙila gaskiya ne. Wata biyar ke nan ba wanda ya amsa gaisuwata a gidan, har matar Baba da ta goye ni ina ƙarama. Ta katangarmu nake hango tumakin, suna kwance kewaye da kujerar.