Rufin Ɗakin Malama Clara

"Kai mai guduma! Akwai mutum a ɗakin nan. Sauko kafin in sa a girgiza tsanin."

Kafintan ya tsaya da ƙusa biyu a baki, ya leƙo ƙasa yana neman mai maganar. Ba zai gan ta ba. Malama Clara wata biyu ke nan tana kwance, sai dai muryar da ta yi shekara talatin tana tsawata wa 'yan firamare ba ta samu labarin cewa jikin ya ƙare ba.

Badamasi, wakilin kamfanin da ya sayi gidanmu, shi ke riƙe da tsanin. Ya matso jikin taga.

"Mama, gyara za mu yi miki. Kwanon ya tsufa."

"Irin gyaran da kuka yi wa ɗakin Zayyad? Je ka duba, kwaɗi ne ke haya a ciki yanzu."

Ina zaune a ƙofar ɗakina da littafi a cinya. Kafintan ya sauko da kansa.

Gidan ɗaki goma sha biyu ne a jere biyu, a bayan tashar Gwarzo. Alhaji Bappa ya gina shi, kuma bai taɓa korar kowa ba, don ragwanci ko don tsoron Allah, ban sani ba. Da ya rasu magada suka sayar wa wani kamfanin gidaje na Kano, wanda ya riga ya saye gidaje uku a Kabo. Kamfanin ya ninka haya sau uku. Da mutane suka ƙi, sai ya fito da dabararsa: duk ɗakin da aka samu ba kowa a ciki, a cire masa kwano da sunan gyara. Tsakiyar damina ce. Ruwa ya sauka a ɗakin da aka buɗe, ya jiƙa bangon na kusa, na kusa ya gaji ya tashi, shi ma a buɗe nasa. Haka aka cinye jeren gabas cikin wata guda.

Jeren yamma ya rage, mu shida, kuma ɗakin Malama Clara ne a tsakiya, bango ɗaya da nawa. Ita ta tara mutane tun tana iya tafiya. Ita ta kafa dokar cewa ba a barin ɗaki ba kowa, ko maƙwabci ne ya shiga ya zauna. Ita ta samo lauya, ɗalibinta na da, ya kai ƙara, kotu ta sa rana. Kamfani kuma yana so ranar ta zo ta tarar ba gidan da za a yi shari'a a kansa.

Ni kaɗai ban sa hannu a takardar ƙarar tasu ba.

"Na karanta tarihin irin waɗannan ƙungiyoyi," na ce mata ranar da ta kawo min. "Ƙarshensu shugaba ya sayi babur."

"Malam Hadi, karatu bai yi maka komai ba sai ƙarin tsami. Badi'a ta yi haƙuri."

Badi'a matata ce. Shekara shida da rasuwarta. Malama Clara ce ta riƙe mata kai a motar da ta kai mu asibiti, don haka ita kaɗai ke iya ambaton sunan a gabana ta kwana lafiya.

Ranar da kafintan ya sauko, 'yarta Emily ta zo daga Kano da mota, za ta tafi da ita babban asibiti. Bangon gidan nan bai san sirri ba, duk na ji.

"Mama, don Allah. Ɗaki ne fa kawai."

"Likita ya gaya miki, ya gaya min. Can ma gado ne, nan ma gado ne. Na nan yana da amfani."

Da la'asar Malama Clara ta aiko Uwaliya mai awara ta kira ni. Na shiga. Ɗakin yana warin man zafi. A ƙasa gefen gado akwai wani kwanon sha na tangaran yana tarar ɗigon da ke sauka daga rufi, wanda aka yi shekara huɗu ana cewa za a toshe.

"Zauna, mai tarihi," ta ce. "Ku idan an yi mutuwa, yaushe kuke zaman makoki?"

"Bayan an binne. Kwana uku."

"Mu kafin a binne muke zama. Sai dangi sun taru, sai an shirya gida, wani lokaci mako ya wuce." Ta huta, ta sake jan numfashi. "To ka haɗa su."

Na dube ta.

"Ba wanda zai hau rufi mata na zaune a ƙasa suna makoki. Ko Badamasi uwa ce ta haife shi. Namu zai fara, Emily za ta ja ranar yadda ya kamata. Idan sun tafi da ni gida, naku ya ɗora. Kai nake so ka shimfiɗa tabarmar maza."

"Me ya sa ni?"

"Kai kaɗai ne ba ka da wurin zuwa. Kuma ba wanda zai ce kana yi don ƙungiya, kowa ya san ba ka son kowa."

Na tsani zaman makoki. Na zauna na Badi'a kwana uku ina jin mutane suna ce min in yi haƙuri, suna juyawa suna hirar farashin taki. Na gaya mata haka.

"To wannan karon su yi hirar haya," ta ce.

Ta rasu ranar Alhamis da hantsi, saura kwana goma sha ɗaya a shiga kotu. Uwaliya ce ke ba ta kunu a cokali, sai ta ga bai wuce ba. Kafin motar asibiti ta bar layi da gawar, na ga Badamasi a bakin titi yana waya, yana kallon rufin.

Na shiga ɗakina na naɗo tabarmar da ban taɓa ba tun mutuwar Badi'a, na shimfiɗa ta daidai inda ake kafa tsani.

Da azahar matan zumunta na cocinsu suka iso cikin zannuwa iri ɗaya, suka cika ɗakin, suka fara waƙa a hankali. Uwaliya da sauran matan gidan suka zauna a bakin ƙofa, suna ta fifita wutar dafa-duka. A waje mu uku ne da farko: ni, da Lukuman tela, da Zechariah mai gyaran rediyo. Washegari muka zama ashirin. Rana ta uku 'yan hayar gidajen Kabo suka zo gaisuwa a mota biyu, suka yi ta'aziyya da kyau, sannan ɗaya ya ce, "Wai ku wa ke tsaya muku a kotu?" Lukuman ya ba shi lambar lauya. Tsofaffin ɗalibanta suka riƙa zuwa daga Lakwaya da Mainika, masu furfura, kowa da labarin dukan da ya sha.

Badamasi ya zo rana ta biyar, tsani na bin sa a baya.

"Malam, ya haƙuri?"

"Da godiya."

"Sai yaushe ne ake tashi?"

"Sai an binne."

"Haba Malam. Kai da karatunka, makokin coci kake zama?"

"Makokin maƙwabciya nake zama. Ka gaisa da mutane, ko ka matsa, kana tare mana iska."

Ya dubi tabarmi, ya ji waƙar matan. Wani dattijo daga Garo ya ce, "Wannan ba ɗan gidan Inna Adawiyya ba ne? Zauna mana, yaro." Dole ya tuɓe takalmi. Aka miƙa masa ruwa, ya sha kamar magani.

Ranar Juma'a ta sama Emily da danginta suka tafi da ita ƙauyensu can wajen Zonkwa, matan zumunta suka bi su. Ko awa ba a yi ba Badamasi ya dawo, yana murmushi.

"To, Allah Ya ba da haƙuri. An gama ke nan."

"Nasu ya ƙare," na ce. "Yau za a binne, yau namu ya fara. Kwana uku."

Ya ƙirga da yatsu. Na ga lokacin da ya isa Litinin.

"Wallahi wannan ba makoki ba ne, yajin aiki ne."

"Je ka faɗa wa matan ciki haka. Uwaliya na riƙe da ludayi."

Safiyar Litinin mazan gidan suka tafi kotu, mata suka tsare ɗakuna. Kafin su fita Lukuman ya miƙo min takardar. Na sa hannu a ƙarƙashin sunan Malama Clara, inda ta bar layi guda ba a rubuta komai ba. Sannan na shiga ɗakinta na zauna a kujerar gefen gado, tunda doka ce ba a barin ɗaki ba kowa.

Tsanin yana jingine a bangon waje tun safe. Wajen sha biyu na ji wayar Badamasi ta yi ƙara, na ji yana ta "Yallaɓai, yallaɓai," muryarsa na raguwa. Can sai na ji ana jan tsanin a ƙasa, ana fita da shi ta zaure. Lukuman ya kira ni bayan haka: alƙali ya ce kada a taɓa ko ƙusa ɗaya sai an gama shari'a. Yaushe za a gama, bai faɗa ba. Na san kotu.

Hadari ya taso daga gabas. Ruwa ya fara sauka a kan kwano, da sauƙi, sannan da ƙarfi. Ɗigon nan ya dawo. Na sunkuya na jawo kwanon tangaran daga gefen gado, na zubar da ruwan jiya ta taga, na mayar da shi wurinsa.