Zobban da Na Zare Daga Kan Kara

Ni dai kara na gani a rumfa, busasshe ƙarau, a safiyar da duk itacen gidan ya jiƙe. Wasu zobba na tagulla da washoshi ne zure a jikinsa, kamar tsiren da aka manta. Na zazzage su a faifai, na hura wuta da karan, na dama kunu. Daga baya na samo wani kara mai danshi na mayar da su yadda idona ya ba ni.

Kwana uku ke nan maigidana yana fama da giyabos ɗin akori-kurarmu, tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu, wadda ita kaɗai ke iya shiga fadamar Kurgu da damina. Ya sauke shi a tsakar gida, ya wargaza shi a kan tabarmata sabuwa, ko izini bai nema ba. Shinkafarmu ta bana kuwa, buhu talatin da huɗu, tana jibge a kan wani tudu cikin fadama, ruwan Kwara yana hawowa. Jiragen ruwan yankin duk suna can suna kwashe mutane.

Da hantsi ya dawo daga Illo da sabon boris, ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye da ke juyawa a cikin giyabos. Ya zauna, ya jawo karan, yana zare zobe ɗaya ɗaya yana zurawa a sandar cikin giyabos. Mutumin da ba ya son surutu, ran nan bakinsa ya buɗe.

"Kin gane su, Batulu? Kama ɗaya gare su, amma kowane da kabrinai, wani siriri, wani mai jiki. Shi as sa nij jera su yadda nic cire su. In ɗaya ya hau wurin wani, giya na iya cijewa tsakiyar ruwa."

Na ce, "To," na shige ɗaki.

Tsoro ne ya hana ni magana, ba wani abu ba. Ina jin sifana tana ƙara, ina cewa bari ya gama wannan ƙusar in faɗa. Ya gama, ban faɗa ba. Maƙwabta suka taya shi ɗaga giyabos suka ɗaura a ƙarƙashin mota. Aka yi azahar, ya zuba mai. Wayarsa ta yi kuka, yayansa Atiku ne daga fadama, muryarsa har ɗakina.

"Ruwa sun kai ga kwalbati! In ba ka taho yanzu ba, kak ka taho."

Ya tayar da mota. Ta ɗauka lafiya lau, har da wani gurnani na jin daɗi. Ni kuwa abin da nake gani shi ne motar tsaye cik a tsakiyar kwalbati, ruwa yana shiga ta taga, shi a ciki, ga shi ko iyo bai iya ba. Ban san lokacin da na fita ba mayafi na tsaya a gabanta ba.

"Malam, ni nit taɓa karan nan. Na ƙone na hwari, wanga ni nij jera shi."

"Mi kic ce?"

Na maimaita. Ya dubi hanyar fadama, ya dube ni, ya daɗe hannunsa yana kan sandar canza giya. Na so ya zage ni. Sai kawai ya kashe mota.

"Ɗauko tabarma."

Har la'asar sakaliya yana kwancewa. Wayar ta yi kuka sau biyar, bai ɗauka ba. Ya fiddo zobban, yana goge kowanne da tsumma, yana ɗaga shi a rana, yana gwada shatin da shekaru suka bari a jikinsa da na haƙoran da ke kusa da shi. Ina durƙushe a gefe, ƙafafuna sun mutu.

Yana kan na ƙarshe Yaya Atiku ya shigo, jiƙe har ƙirji, buhu ɗaya tal a kansa. Ya sauke shi a bakin rumfa, ya zauna a ƙasa.

Maigidana ya ajiye zoben a hankali. Bai ɗago kai ba.

"Daidai kij jera su, Batulu," ya ce. "Duka."