Makon da Anti Ta Koma Aiki

Kwana goma sha ɗaya bayan cikinta ya zube, Anti ta koma aiki. Likita ya ce ta huta sati uku, maigidanta ya ce ta yi wata ma in tana so, amma zaman gidan ya ishe ta. Tun safe mutane ke sintiri suna yi mata jaje, kowa ya zauna yana jiran ta yi kuka ya rarrashe ta, kukan kuma ya ƙi zuwa. Cikin wata biyar ne, na fari bayan shekara shida da aure.

Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani. Su uku ne a wurin: ita, da wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, sai Dogo mai kula da ajin samari. Aikinsu zagaya makarantun sakandare suna koya wa yara abin da iyaye ke jin nauyin faɗa: balaga, al'ada, yadda ciki ke shiga, yadda ake bambance mai so da mai yaudara, da cewa jikin mutum nasa ne, yana da ikon cewa a'a.

Da Dogo ya gan ta a bakin ƙofa sai ya miƙe da sauri har ya ture kujera. Ya yi mata sannu sau uku, sannan ya ce bari ya je ya sayo alli, alhali ga kwali biyu a kan tebur. Sista kuwa ba ta yi jaje ba, ta riga ta yi a asibiti. Ta janyo ta bakin taga, ta buɗe mata fatar ido ta duba, ta tambaye ta ko tana shan maganin ƙarin jinin. Ta ce Anti ta bar mata ajin yau, ita za ta je. Anti ta ce a'a, yaranta ne, za ta iya.

Ranar Talata ce, ranar 'yan mata talatin da biyu na wata makaranta, 'yan shekara sha uku zuwa sha biyar. A ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na makarantar ake ba su wuri, saboda shi kaɗai ne ƙofarsa ke rufuwa. Tun da cikin ya shiga Anti ta mai da shi darasi. Duk mako takan gaya musu girman da ya kai: yau ƙwayar wake, yau ƙwai, yau lemo. Suna son wannan fiye da duk zanen da ke cikin littafi.

Ba ta gama ajiye jaka ba, wata mai surutu da suke kira Rediyo ta ɗaga murya daga baya.

"Anti, mun yi kewarki. Yau girman me ya kai?"

Anti ta ce, "Babu shi. Cikin ya zube."

Ta ɗauki alli ta zana mahaifa a allo, kamar yadda ta zana sau ɗari. Ta yi musu bayani cewa wannan yana faruwa da mata da yawa, galibi ba a sanin dalili, ba ɗaukar bokiti ba ne, ba hawa bene ba ne, kuma ba laifin macen ba ne. Tana jin muryarta kamar daga ɗakin maƙwabta take fitowa. Zanen ya yi kyau, ta lura da hakan. Yara uku suka fara kuka, har da Rediyo, wadda ta kifa kai a benci tana cewa ita bakinta ne ba ya jin magana. Anti ta zaga ta raba musu tishu, ta koma ta ƙarasa darasin daidai lokacin da aka buga ƙararrawa.

Ƙa'idar ajin ita ce kafin a fita kowa ta jefa takarda a akwatin tambaya, wani kwalin takalmi da aka tsaga wa baki a sama. Ko ba ki da tambaya sai kin jefa farar takarda, don kada a gane mai tambaya. A ofis Anti ta zazzage su a tebur. Yawancinsu addu'a ce, Allah ya ba ki wani, Allah ya ba ki tagwaye. Wata ta tambayi maganin ƙurajen fuska. Wata ta tambaya ko gaskiya ne in ka sha ruwan sanyi lokacin al'ada jinin daskarewa yake. Sai wata takarda da aka ninke sau huɗu, da rubutu ƙanana masu tsabta:

"Idan babba yana taɓa ki a inda kika ce ba a taɓawa, amma yana da kirki, kuma Mama tana yabon aikinsa, ya za a yi?"

Ta karanta sau biyu. Ta san a da irin wannan takarda kan sa ta kasa cin abinci. Yanzu ta duba kanta ba ta sami komai ba. Amma ta san abin da ake yi, wannan bai gudu ba. Ta miƙa wa Sista. Sista ta sa tabarau ta karanta, ta ce wannan ba ta jiran Talata mai zuwa.

Washegari suka koma makarantar. Anti ta sa malamar ajin ta sanar cewa tana ɗakin gwaje-gwaje lokacin hutun tara, duk mai sauran tambaya ta zo. Huɗu suka zo ɗaya bayan ɗaya da 'yan ƙananan damuwoyi. Saura minti biyar a koma aji, wata siririya mai zama a bakin taga ta shigo ta tsaya tana wasa da igiyar jakarta. Tun farkon zango ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Anti ta rufe ƙofa, ta ba ta kujera, ta zauna kusa da ita. A hankali maganar ta fito. Mai koya mata lissafi ne a gida, sau uku a mako, a falo, lokacin da mahaifiyarta ke shagon ɗinki, mahaifinta kuma yana wurin aiki. Tun kafin hutu ya fara. Ya ce mata in ta faɗa ba wanda zai yarda.

Anti ta ce, "Na yarda da ke. Ba laifinki ba ne, kuma kin yi daidai da kika rubuta. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, wannan ba sirrin da zan riƙe ba ne. Dole Mama ta sani."

"Za ta dake ni."

"Da mu za a gaya mata. Yaushe zai sake zuwa?"

"Gobe da la'asar."

Bayan an tashi suka ɗauke ta a tsohuwar motar Sista zuwa shagon mahaifiyarta. Shagon ƙarami ne, keken ɗinki uku, ƙyalle ko'ina. Uwar tana da tef ɗin awo a wuya da fil biyu a baki. Sista ta nemi ta sallami masu taya ta, aka ja labule. Sista ce ta yi bayani, a tsanake, ba tare da kewaye-kewaye ba. Da fari matar ta ce ba zai yiwu ba, mutumin ya shekara huɗu yana koyar da 'ya'yan yayarta, ko ido ba ya ɗagawa ya kalli mutum. Ta ce yaran yanzu waya ta lalata su, kuma irin wannan karatun da ake yi musu ne ke sa musu tunani. Sista ta bar ta ta gama. Sannan matar ta juya ga 'yarta.

"Kalle ni. Da gaske ne?"

Yarinyar ta gyaɗa kai. Uwar ta cire fil ɗin daga baki, ta soke su a ƙirjin rigarta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta sulale ta zauna a ƙasa cikin ƙyallaye. Ta janyo 'yar ta rungume, suka yi ta kuka. Anti tana tsaye jikin teburin yanka, tana kallon wata rigar yara da aka ɗinke wa hannu ɗaya, ɗayan bai samu ba tukuna. Ta ƙirga maɓallan rigar, guda biyar. Can matar ta kamo hannun Anti ta riƙe gam.

"Ke ma uwa ce, kin san abin da nake ji."

Sista ta buɗe baki za ta yi magana, Anti ta riga ta. Ta ce, "E." Shi ya fi sauƙi.

Maigidan Anti ya zo ɗaukarta da yamma a motar aikinsa, mai cike da kayan gyaran firiji suna ƙara a baya. Ya tambaye ta aiki, ta ba shi labarin a taƙaice. Ya ce ta yi ƙoƙari, Allah ya saka. Ta san shi yana nasa kukan a banɗaki da safe, yana sakin famfo don kada ta ji. Ba ta taɓa nuna masa ta sani ba. Ta jingina kai da gilashi har suka isa gida.

A ranar uwar ta kira mutumin ta ce kada ya ƙara taka mata gida. Uban ya so ya je ya same shi da kansa, sai da Sista ta yi awa guda a waya tana ba shi baki kafin ya yarda a bi ta hukuma. Aka cike takardu, aka kai rahoto ofishin kare yara. Kafin a je nemansa ya kwashe kayansa, wayarsa a kashe, har yau ba a ji inda ya shiga ba. Da aka zaunar da 'ya'yan yayar, ashe babbar ma tana da abin faɗa. Ɗalibar Anti kuwa ta fara ganin mai ba da shawara duk Asabar. Tana zuwa aji, tana cin abinci, an ce ta daina farkawa a firgice.

Bayan sati biyu, Anti da Sista suna zaune a ofis suna yanka katuttukan darasi na wata sabuwar makaranta, Dogo ya fita ajinsa. Ba tare da ta ɗago ba Sista ta ce ita ma ta taɓa yin ɓari, tun tana ƙaramar ma'aikaciya, kuma ko ɗigon hawaye ba ta yi ba, har mutane suka fara cewa zuciyarta dutse ce. Sai da ta yi wata bakwai, tana tsaye tana wanke kofi, abin ya zo mata.

Anti ta daidaita katuttukan da ke hannunta. Ta ce, "In bai zo ba fa?"

Sista ta ce, "To bai zo ba. Miƙo min almakashin nan, nawa ya dakushe."