Dandamalin da Ya Yi Shiru

Kafinta mutum ne da ba ya jure ƙarar katako. Ko baƙunta ya je, in kujera ta yi ƙara, sai ka ga ya kasa zama, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashinta kamar wanda allurarsa ta faɗi. To ga dandamalin katakon da ke bayan gidan mahaifiyarsa, babu falankin da ba ya surutu. Gidan a kan gangare yake, don haka dandamalin ya tashi daga ƙofar kicin ya miƙe har bakin matakala, inda Inna ke sauka ta ba shukokinta ruwa. Shekara da shekaru yana cewa zai gyara, aikin mutane bai bar shi ba.

Da idon Inna ya tafi gaba ɗaya, sai hankalinsa ya tashi. Gara ta ci gindin wasu falankan, ƙusoshi sun ɗago kai, ga tsohuwa tana yawo a kai ba takalmi. Ya samo falankan roba irin na zamani, masu harshe a gefe guda da rami a ɗaya gefen, kowanne ya shige cikin ɗan'uwansa ya kama, ba ƙusa ba guduma. Ruwa ba ya ruɓar da su, gara kuwa sai dai ta kalla ta haɗiye yawu. Ya kai Inna gidan ƙanwarsa ta kwana biyu, ya ɓamɓare tsohon katakon ya ba mai gidan burodi ya yi makamashi, ya shimfiɗa sabo sumul.

Ranar da ta dawo, ya tsayar da ita a ƙofar kicin, ya shiga tsakiya, ƙato da furfurarsa, ya dinga tsalle.

"Inna, kin ji? Ko motsi!"

"Na ji," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka."

Albarkar ya ji, ya tafi gida yana murna.

Daga nan Inna ta daina fita. In ya tambaya ta ce gwiwa ce. Ya kawo man zafi, ya kawo wani, gwiwa dai ba ta saki ba. Shukokin suka fara yaushi, ita kuma ta lafe a ɗaki kusa da rediyo, matar da a da ko shayi ba ta yarda a miƙo mata sai ta tashi da kanta. Abin ya dame shi ƙwarai, amma bai taɓa kawo dandamalin a ransa ba. Ina laifin abin da ba ya tsagewa, ba ya santsi?

Wata rana da tsakar rana ya biyo ba sanarwa, ya tarar da ƙofar kicin a buɗe. Inna na tsakiyar dandamali riƙe da butar ruwa, ta ba matakala baya, ta fuskanci katangar maƙwabta. Ta zura ƙafa ɗaya ta danna, ta karkata kai tana saurare. Ta matsa gefe ta sake dannawa. Gumi ya jiƙe mata wuya, alamar ta daɗe a wurin, kuma ba ta kira kowa ba.

"Inna, me kike yi a rana?"

Ta zabura. "Iska nake sha."

"Da buta?"

Ya zo ya karɓi butar. Sannan ta ce, "A tsohon dandamali, falankin bakin ƙofa ƙara yake yi siririya. In na wuce shi akwai mai ɗan lotsawa, nan nake karyawa dama. Can kusa da matakala kuma akwai mai kuka kamar ɗan akuya. Da na ji shi na san in miƙa hannu in kama ƙarfen matakala. Babanka ne ya kafa su, na san muryar kowanne. Wannan naka kuwa, ɗan nan, ko'ina ɗaya ne."

"Haba Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

"Ka zo kana tsalle a kai kamar yaro ya samu sabon takalmi. Da wane bakin?"

Kunya ta rufe Kafinta, da wani baƙin ciki da bai san inda zai ajiye shi ba. Katakon nan tuni ya zama toka a gidan burodi.

Falankin roba kuma yana da halinsa: ba a zare ɗaya daga tsakiya. Sai ka koma kan wanda ka sa na ƙarshe, ka bi su kana ɓallewa har ka iso inda kake so. Haka ya warware aikinsa da hannunsa. A bakin ƙofa, da wurin karyawa, da gaban matakala, ya sa katako na gaske, ya bar ƙusoshin da ɗan sako-sako. Ashe sa katako ya yi kuka ya fi hana shi wuya. Ya taka ya saurara, ya sassauta, ya sake takawa, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ko lafiya.

Da ya gama ya riƙo hannun Inna ya bi da ita. Ta taka na farko, ta tsaya.

"Ba muryarsu ba ce."

"Na sani, Inna. Waɗancan ba za su dawo ba."

Ta daɗe a tsaye, tana danna ƙafa tana ɗagawa, tana haddace sabuwar ƙarar. Can ta ce, "Ba ni butar. Sake ni."

Ya sake ta. Ta yi gaba a hankali, ta kuskure katako na biyu, ta bi kan roba inda babu mai gaya mata komai. Bakinsa ya buɗe zai ce dama, sai ya kama kansa, ya haɗa hannuwa ta baya. Ta ja da baya har ta sake jin na bakin ƙofa, ta gyara riƙon buta, ta sake tasowa. Shi kuwa ya tsaya inda yake, ko ƙafa bai gyara ba, don kada motsinsa ya hana ta ji.