Fili Biyu a Gefen Corinne

Tun da suka sauka Florida, Lorna ba ta ji wata hira ba sai ta haraji. Ita ta tsufa tana koyar da tarihi a Utica, can jihar New York, mijinta Dwight kuma bai daɗe da yin ritaya ba. Yayansa Merle ne ya gayyato su su ga unguwar tsofaffin da yake zaune. Gidajen duk fenti ɗaya, ciyawa an aske ta kamar kan soja, ka wuni ba ka ji kukan yaro ba.

Suna cin abincin rana a bakin wurin ninkaya. Merle na tsotsar jatan lande, mai na bin haɓarsa.

"Nan jiha ba ta taɓa maka fansho," in ji shi. "Amma fa ƙanena, masu harajin New York mayu ne. Sai ka nuna musu ka tashi gaba ɗaya. Likita, coci, lasin tuƙi, duk ka kwaso nan. Ko kare ka bari a can, za su ce har yanzu kai nasu ne."

"Wa ya gaya maka?" Lorna ta tambaya.

"Kowa ya sani, malama."

"Kowa su wa? Waɗancan masu gasa tumbi a rana?"

Merle ya yi dariya har da tari. "Ji ta, har yanzu tana aji. Ni fa har filin kabarina na sayar. Dwight, kai fa, an samu mai sayen naku?"

Dwight ya cire tabarau ya hau gogewa da gefen riga.

Fili uku suka saya a jere a maƙabartar cocinsu, shekarar da 'yarsu Corinne ta rasu. Ita ce kwance a tsakiya. Na dama da na hagu suna jiran iyayenta.

"Tambaya kawai na yi a ofishin maƙabartar, Lorna," in ji Dwight.

"Suka ce me?"

"Akwai wasu mata da miji da ke so. Kin ga, nan ma akwai wuri mai kyau. Ana ƙona gawa, a ajiye tokar a bango, ga inuwa, ga filin wasa a gaba."

"Har da rangwame in ku biyu ne," Merle ya ƙara, yana lasar yatsa.

Lorna ta ajiye cokalinta. Ta ture farantin.

"Nawa ba na sayarwa ba ne."

"In kin riƙe, ai masu haraji cewa za su yi ba mu tashi ba," in ji Dwight.

"Ni ban tashi ba."

Ta jira ya ji kunya. Dwight kuwa lissafi ya hau yi, leɓensa na motsi kaɗan kaɗan, sannan ya juya wajen yayansa.

"To yana yiwuwa miji ya zama ɗan Florida, matar tana New York?"

"Ƙwarai. Rabin mazan layinmu haka suke."

Lorna ta miƙa hannu. "Ba ni lambar maƙabartar."

"Me za ki ce musu?"

"Su ba mutanen nan haƙuri, naka ya samu mai saye. Ni zan biya, kuma kar ka rage mini ko sisi. Gara wurin ya zauna babu kowa da baƙo ya kwanta kusa da ita."

Dwight ya laluba aljihu ya ciro wayarsa.