Sakamakon Kawu Gidaɗo

A shekarar 1998, Mariyatu ce kaɗai ta rage a ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti a Sakkwato cikin waɗanda suka san aikin binciken hanta. Dakta Lawwali, likitan da ya fara shi, ya gaji da mulkin soja ya kama aiki a Saudiyya, ya bar mata littafin sunayen majiyyata.

Shekara biyu suna gutsurar tsoka daga hantar masu ciwon daji da aka yi wa tiyata, su daskarar, su aika wa wata farfesa a ƙasar waje. Can ake duba ƙwayoyin halittar da ke cikin tsokar, a ga masu aiki da waɗanda suka yi shiru, a ƙiyasta ko ciwon zai dawo da wuri. Lamba ake sa wa kowace tsoka.

Ana saura wata biyu aikin Hajji sakamako ya iso. Lambobi arba'in, an raba su gida biyu. Farfesar ta rubuta cewa hanyar sabuwa ce, tana iya kuskure, kada a gaya wa majiyyaci ko ɗaya.

Mariyatu ta buɗe littafi ta bi sunaye. A gidan waɗanda aka ce ciwonsu zai dawo akwai mutum goma sha tara, sha ɗaya ta san an riga an binne su. Cikin sauran akwai Kawu Gidaɗo, ƙanen mahaifiyarta, mai sayar da hatsi.

Ranar Juma'a ta je gidansa a Unguwar Rogo. Ta same shi ya yi ƙiba, yana cin tuwo da miyar sure, yana ba matarsa Iyatu labarin kasuwa.

"Ɗiyata, kin zo daidai," in ji shi. "Kujerata ta Makka na bar ma Yaya Muntari. Ya tsuhwa, ni ko na warke. Baɗi sai in tahi."

Ta ajiye kofin ruwan da aka ba ta. "Kawu, da ka tahi bana."

Ya tsaya da loma a hannu. "Mi kinka gani?"

Ta dubi Iyatu, ta dubi tabarma. In ta faɗa, ta karya amanar aiki, ta kuma yanke wa mutum kwana da takardar da mai ita ma ba ta tabbatar ba. In ta yi shiru, ta san yadda sha ɗayan nan suka ƙare.

"Ban ga komi ba. Tahiya da ƙarhi ta hi daɗi, shi ke nan."

Ya yi dariya. "Ƙarhi na wurin Allah."

Muntari ya tafi ya dawo Alhaji. Ita kuwa duk Juma'a sai ta je gaisuwa, tana satar kallon farin idon kawunta. Da damina ta yi nisa ta ga ya fara rawaya. Ya rasu cikin azumi, bai sake tambayarta ba, ita ma ba ta gaya wa mahaifiyarta ba.

Bayan sadakar arba'in ta rubuta takardar neman a mayar da ita sashen gwajin zazzaɓi. Shugaban asibitin ya karanta a gabanta, ya ce an hana ɗaukar sababbin ma'aikata, ba wanda zai riƙe wurinta. Ranar Litinin aka aiko mata da wata tsokar daga ɗakin tiyata, ta tashi ta kunna janareto don ta daskarar da ita.