Jan Zare a Wuyan 'Yan Kwikwiyo

Tunta ta ɓace ne ranar bikin San Roke, ranar da duk wani kare a garinmu ke zama ɗan gata. Na ɗaura mata ƙyalle mai ruwan ɗorawa a wuya, na kai ta harabar coci, fada, limamin cocin, ya yayyafa mata ruwan albarka har ta yi atishawa. Muna fitowa ke nan sai masu ganga suka kunna wasan wutar nan mai ƙara kamar bindiga. Ta fizge igiyar daga hannuna ta kutsa tsakanin ƙafafun mutane. Ƙyallen kawai na tsinta a bakin kwata.

Ni ce Eulogia. Duk wanda ya taɓa shan api, kunun masararmu mai zafi, da sassafe a kasuwar garin nan ya san ni, ya kuma san farar karyar da ke kwanciya ƙarƙashin teburina. Mijina ya rasu, 'ya'yana biyu suna Santa Cruz, waya ma sai sun ga dama. Shekara takwas ke nan da ni da Tunta muke fita tare mu dawo tare. In na ce da ita nake hira a gida, ban yi ƙarya ba.

Kuma ni ba irin masu riƙon kare da wasa ba ce, abin da nake gaya wa kaina ke nan. Mahaifiyata ta koya mini cewa karyar da aka hana haihuwa ciwo ne ke cinye ta daga ciki, na kuwa riƙe maganar gam. Sau biyu a shekara matasan likitocin dabbobi kan kafa rumfa a bakin kasuwa suna yi wa karnuka aiki kyauta, a cire wa mata mahaifa, a fiɗiye maza. Duk sanda suka biyo ta teburina da takardunsu sai in ce su fara da kansu tukuna, in ya yi musu daɗi su dawo. 'Yan kasuwa su yi ta dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Idan Tunta ta haihu, sai in bar 'ya'yan kwana goma su sha nonon farko. Daga nan in zauna in kitsa jan zaren ulu, tufka uku, irin wanda muke ɗaura wa jarirai saboda mugun ido, in ɗaura wa kowanne a wuya. In shimfiɗa tsohuwar rigar sanyi a kwali, in jera su, in ajiye a ƙofar gidan karnuka na hukumar gari a hanyata ta zuwa kasuwa, tun ba a buɗe ba. Kowa ya san daga can ake raba su ga mutanen ƙauye masu neman karen gadin tumaki. Haka na ji, haka nake faɗa. Masu ɗurawa a buhu su jefa kogi kuwa, ko gaisuwarsu ba na amsawa da kyau.

Kwana biyu ina yawon neman Tunta, ban ɗora tukunya ba. Na duba mahauta, na duba bayan tasha, na duba juji. Ranar Alhamis da safe Zenobia, wadda ta riƙe ɗana na fari ranar baftisma, ta iske ni zaune a ƙofar gida ina kallon titi. Ta ce ta ji motar hukuma ta yi ta kwasar karnukan da wasan wuta ya tarwatsa, kuma wai kwana uku suke jira. Na tambaye ta, jiran me? Ta ɗage kafaɗa ta ce ita ma abin da ta ji ke nan, in dai tashi in je.

Ƙofar nan na san ta kamar ƙofar ɗakina, amma ban taɓa ganin abin da ke bayanta ba. Tun kafin a buɗe mini haushi ya cika kunnena, da aka buɗe kuwa wari ya buge ni har na toshe hanci da bakin mayafi. Na zaci zan ga karnuka ashirin ko talatin. Keji ne jere dama da hagu har bangon ƙarshe, kowanne an yi shi don kare biyu, an cusa biyar ko shida. Wasu a tsaye suke saboda babu wurin kwanciya. Akwai waɗanda ke tsalle suna dukan waya, akwai waɗanda ko ɗago kai ba su yi ba, kuma waɗannan suka fi tsorata ni.

Mai kula da wurin wani dattijo ne siriri, sanye da takalmin roba, ya ce sunansa Serapio. Na kira shi Don Serapio, shi kuma ya kira ni doña, yadda ake girmama manya a garinmu. Ya yi magana da ƙarfi don in ji shi cikin hayaniyar. Ya ce wurin na kare tamanin ne, yau suna da ɗari biyu da goma, bikin San Roke kaɗai ya kawo musu arba'in. Ya faɗi hakan kamar mai ba da labarin ruwan sama.

A keji na kusa da ƙarshe na gan ta. Ta yi dauɗa har farin ya koma toka, ta maƙale a kusurwa. Da na kira sunanta sai ta taka sauran ta zo tana wani irin kuka da ban taɓa jin ta yi ba. Na zura yatsuna ta cikin wayar, sai na ga shuɗin alli a goshinta, irin wanda ake yi wa tumaki shaida a kasuwa. Na duba, biyu daga cikin 'yan kejin ma suna da shi.

“Don Serapio, wannan shuɗin na mene ne?”

“Na gobe Juma'a ne, doña. Allura.”

Sai da na sake tambaya, don na ɗauka allurar rigakafi yake nufi. Ya ce a'a, wadda ba a tashi. Na dafa kejin.

Na ce to ya buɗe yanzu in ɗauki abata. Ya ce ba ya hana ni, amma doka ce babu karen da ke fita daga nan sai an yi masa aiki, kuma sai mai shi ya sa hannu. Nan fa bakina ya dawo. Na ce masa ba a haifi wanda zai yanka mini karya ba. Na ce lafiyarta lau shekara takwas saboda na bar ta yadda Allah ya yi ta. Na ce ni ban taɓa zubar da ɗan kwikwiyo ko ɗaya ba, haihuwa tara ta yi, kuma duk nan na kawo su a tsaftace, cikin kwali, da shimfiɗarsu, kowanne da kariyarsa a wuya. In yana shakka ya je ƙauyuka ya duba, zai ga fararen karnuka suna bin tumaki.

Ya tsaya yana kallona.

“Ke ce mai jan zare?”

Na ce ni ce, har da ɗan murmushi, don na zaci yabo ne zai biyo baya.

Ya juya ya yi mini alama in biyo shi. Muka shiga wani ɗan ɗaki a baya mai teburin ƙarfe da famfo. A bango kusa da taga akwai doguwar ƙusa, a jikinta an rataye wani abu da na fara ɗauka gezar bargo ce. Da na matsa sai na ga zare ne, ƙananan zobba ja, wasu sun koɗe sun koma ruwan ƙasa, wasu jajir kamar jiya aka kitsa. Tufka uku. Ƙullin nan nawa ne, wanda nake lanƙwasa bakinsa ciki don kada ya soki fata.

“Hamsin da uku ne,” in ji shi. “Ba sai kin ƙirga ba.”

Na tambaye shi me ya sa ake cire musu kafin a ba mutanen ƙauye. Har a lokacin ban gane ba, ko kuma na ƙi ganewa. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya a wurin, bai taɓa ganin baƙauye ya zo neman kare ba, su ma can nasu sun ishe su, har buhu-buhu suke kawowa. Ɗan kwikwiyo mai kwana goma kuwa, babu uwa, sai an ba shi madara duk bayan awa biyu, dare da rana, su kuma su biyu ne a kan karnuka ɗari biyu. In aka sa shi a keji manya za su danne shi ko su cinye shi. Don haka kwalina ba ya kai azahar.

Na zauna a ƙasa, a kan simintin nan mai jiƙe, ni da ko a coci sai na shimfiɗa mayafi. Na yi ta kallon ƙusar. Na tuna wani mai baƙin kunne ɗaya da na daɗe ina riƙe da shi kafin in sa a kwali, har na ce masa ya yi sa'a, zai sha iskar dutse.

Na tambaye shi don me ya ajiye su. Ya ce da farko haushi ne. Ya yi niyyar duk ranar da ya kama mai kawo kwalin zai watsa mata su a fuska. Daga baya kuma ya kasa zubarwa, don a cikin duk abin da ake ajiyewa a ƙofar nan, waɗannan ne kaɗai ake ganin wani ya zauna ya ɓata lokaci a kansu.

“Da kin ƙwanƙwasa sau ɗaya, doña. Sau ɗaya tak. Da na gaya miki.”

Shekara takwas ina wucewa ta ƙofar nan, ina zaɓar lokacin da babu kowa, ina ce wa kaina saurin kasuwa ne.

Likitar dabbobin wurin ta shigo tana cire safar hannu. Na gane ta, tana cikin 'yan rumfar nan da na sha yi wa ba'a, sunanta Nilda. Ita ma ta gane ni, amma ba ta tayar da zancen ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce ta duba farar karyar jiya, tana da ƙaramin ciki, bai wuce sati uku ba, ana iya aikin a haka. Ta ƙara da cewa a shekarunta, ciwon da nake tsoro ya fi kama wadda ba a yi wa aikin ba. Ta miƙo mini takarda da biro.

Ciki na goma ke nan, kuma ko sani ban yi ba. Na rubuta sunana, har biron ya huda takardar.

Likita ta ce ranar Asabar take aiki, Tunta za ta ƙara kwana uku, in zo Lahadi da zanen goyo don ba za ta iya tafiya ba. Na ce to shuɗin fa? Asabar ai bayan Juma'a take. Don Serapio ya ce in zo in gani da idona, don hankalina ya kwanta.

Muka koma kejin. Ya jiƙa tsumma a bokiti, ya buɗe ƙofar kaɗan, ya riƙe haɓar Tunta ya goge mata goshi a hankali har farin ya fito. Na fara yi masa godiya, ina cewa Allah ya saka masa, duk ranar da ya biyo kasuwa api ɗinsa na nan.

Bai rufe ƙofar ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da allin. A cikin kejin akwai wani jan kare matashi mai dogayen ƙafafu, wanda tun ɗazu yake lasar masa gwiwar hannu yana kaɗa jela. Don Serapio ya shafa kansa sau biyu, sannan ya ja masa layi a goshi.

“Me kake yi haka?”

“Motar za ta dawo gobe da yamma, doña, kuma dole a sami wurin sha biyar. Ni ba ni da ikon rage lissafin. Matsar da shi kawai nake yi.”

Na ce ya dakata, a ba ni wannan ɗin ma, zan riƙe biyu. Ya dube ni babu fushi babu raini, ya ce ya yarda, in je in sa hannu a wata takardar. Ya sake jiƙa tsumman. Allin yana nan a ɗaya hannun, kuma idonsa ya riga ya koma kan sauran da ke cikin kejin.